Kayan Jariri a Haihuwar Fari: Me Za a Saya, Me Za a Bari a Kanti?

Da zarar ciki ya shiga wata na bakwai, jerin kaya iri biyu ne ke faɗo wa mace. Na farko a rubuce yake, shi ne wanda ma'aikaciyar jinya ke miƙo miki a wurin awo: safar hannu, auduga, ledar shimfiɗa, audugar mata, abin ɗaure cibiya da sauransu. Wannan babu jayayya a kansa, a saye shi cif, a zuba a jaka ɗaya, a ajiye kusa da ƙofa. Na biyu kuwa ba wanda ya rubuta shi. Ƙawaye ne da dangin miji da hotunan Instagram ke karanto shi baki da baki: gado mai lilo, keken turawa, bahon wanka mai ƙafafu, fida guda shida, katan-katan na famfas. Shi ne ke lashe kuɗin ragon suna tun ba a ji kukan jariri ba.

Haihuwata uku. A ta fari na sayi kusan duk abin da aka karanto mini, keken turawar da na fi ɗokinsa kuma ya ƙare a lungun ɗaki ana jibga masa wanki. A ta uku abin da na saya bai cika akwati ɗaya ba, yarinyar kuma ba ta rasa komai ba. Abin da na koya a tsakanin nan shi ne, kuɗin da mai shago ya faɗa miki ba shi ne ainihin kuɗin kaya ba. Ragowar a gida ake biyansa, da ruwa da wuta da ƙarfin hannu.

Ma'aunin da nake ɗora kowane kaya a kai

Tambaya ta farko ita ce kuɗi, amma kuɗin shekara guda cur, ba na ranar saye ba. Wani kayan sau ɗaya ake biyansa a huta, wani kuma kullum yana neman ƙari kamar bashi. Ta biyu ƙarko: zai kai ga ƙani, ko kuwa wata uku ne rayuwarsa? Ta uku sauƙin aiki a irin gidan da kuke ciki, wato ruwanku na famfo ne ko na 'yan garuwa, wuta na zama ko sai an gan ta, wa kuma zai yi wankin. Ta huɗu haɗari, kuma wannan idan ya yi yawa to ya rushe sauran ukun, komai arahar kayan. Ta biyar yanayinmu: zafin bazara da kan haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maraɗi, ƙurar hunturu, da sauron damina. Yawancin kayan da ake tallatawa an ƙera su ne don gidajen ƙasashen sanyi masu injin wanki da titi mai sumul.

Kunzugu: nan kuɗin ke tafiya

Idan akwai wurin da ya kamata miji da mata su zauna da alƙalami, to nan ne. Jariri sabon haihuwa kan ɓata kunzugu 8 zuwa 12 a rana a makonnin farko, daga baya abin ya ragu. A shekara guda lissafin kan kai wajen 2,500. Mu ɗauka, don misali kawai, ƙwara ɗaya ta kama naira 150: kun ga naira 375,000 ke nan, fiye da albashin wata biyar ga mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Ku sa farashin da kuka tarar a kasuwarku a gurbin nawa, ku ninka da kanku.

Zaɓi uku ne a gabanku.

*Na yarwa, wanda kowa ke kira famfas.* Sunan daga Pampers ya samo asali, na kamfanin Procter & Gamble da ya fito da shi a Amurka a 1961. Abin lura, a ƙarshen 2023 kamfanin ya sanar da daina sarrafa kaya a Najeriya ya koma shigowa da su, shi ma Kimberly-Clark mai yin Huggies ya sanar da rufe masana'antarsa ta Ikorodu a 2024. Shi ya sa waɗannan biyun suka yi tsada kuma ba ko'ina ake samunsu ba, irin su Molfix da kamfanin Hayat na Turkiyya ke yi a Agbara ta jihar Ogun suka cika kantuna. A sauƙi babu kamar na yarwa: a cire, a goge, a sa wani. Da daddare yana riƙe fitsari jariri ya yi barci, uwa ma ta runtsa. Ƙarko kuwa babu, kowace ƙwara sau ɗaya ce.

Haɗarinsa ba a cikin kayan yake ba, a cikin tsadarsa yake. Saboda ana jin ciwon kuɗin, sai a bar shi a jikin yaro tun safe har la'asar, har ya yi nauyi yana rinjayar ƙugu. A zafin watan Afrilu wannan kaɗai ya isa ya saɓe fatar matsematsi ta yi jawur. Na biyu, yana ɓoye fitsari. Ɗaya daga cikin alamun cewa nono na isar jariri shi ne ya jiƙa kunzugu aƙalla shida a rana bayan kwanakin farko, to mai shanye ruwa sosai kan hana sabuwar uwa ganewa. Na uku, a yi hattara da na buhu da ake sayarwa warwas ba suna ba lambar NAFDAC. Ba a san inda aka ajiye su ba, ba a san abin da ke ciki ba. Sai matsalar zubarwa: idan aka jefa a masai ba ya narkewa, yana kumbura ya cika rami, idan aka jefa a kwata kuma damina ta zo ya toshe ta.

Wani kuskure da kusan kowa ke yi a haihuwar fari: tara lamba 1 katan-katan. Lamba 1 na jaririn da bai wuce kilo 5 ba ne, yaro kuma kan ninka nauyin haihuwarsa a wajen wata biyar. Ni da kaina na rabar da fakiti uku da ba a ko buɗe ba.

*Nafkin na yadi*, wato farin tawul mai kusurwa huɗu da iyayenmu suka rene mu da shi, ana naɗewa a kama da fil, a ɗora wandon roba. Dozin biyu sun isa. Shi ne mafi araha nesa ba kusa ba, kuma mai kyau kan ga yara biyu har uku, daga ƙarshe ya zama tsumman goge-goge. Iska na shiga, yana bushewa da wuri a ranarmu, rana kuma na kashe tabo da wari. Sai dai tsugune ba ta ƙare ba, domin wanki ne na kullum ba hutu. A gidana jarka ɗaya zuwa biyu yake sha a rana, ban da sabulu. Idan ruwan saye kuke yi, ku haɗa wannan a lissafi. Idan kuma mai jego ce za ta yi wankin da kanta, musamman wadda aka yi wa aiki, to arahar ta zama zalunci.

Ga yadda aikin yake a zahiri. A tanadi bokiti mai murfi. Wanda aka yi wa kashi a fara kakkaɓe shi a banɗaki a ɗauraye, sannan a jefa bokiti. A wanke da sabulu mara ƙarfi, a ɗauraye sau biyu ko uku har sai ruwan ya daina kumfa, don ragowar omo ke cin fatar jariri. A shanya a kan igiya a tsakiyar rana, kada a ƙasa ko kan ciyawa: akwai wani ƙuda da ke yin ƙwai a jikin tufafi masu laima da warin fitsari, tsutsar ta shiga fata ta yi kamar maruru. An fi fama da shi da damina da wurare masu danshi, kuma guga da dutse mai zafi na kashe ƙwan. Wandon roba ma kada ya wuni a jiki, yana turara fata. A tsakar gida a kan ledar shimfiɗa, nafkin kaɗai ya wadatar.

*Na zamani mai maɓallai*, wanda ake wankewa a sake sawa. Wando ne mai rufin da ba ya yoyo, da aljihun da ake cusa ƙyallen shan ruwa a ciki, maɓallansa kuma na ba da damar faɗaɗa shi yayin da yaro ke girma. Kuɗin farko da nauyi, don sai an mallaki kamar 15 zuwa 20 kafin su wadatar. Babu fil, har uban ɗa zai iya sawa ba tare da an koya masa naɗi ba. Raunin sa biyu ne: ƙyallen ciki mai kauri ne, da damina sai ya kwana biyu bai bushe ba, sannan ruwan zafi da guga da bilic na lalata rufin da robar ƙafa. Kuma galibinsu sun yi wa sabon haihuwa yawa, sai ya kai wata biyu suke zama daidai.

| Ma'auni | Na yarwa | Nafkin na yadi | Mai maɓallai |
|---|---|---|---|
| Kuɗin farko | Kaɗan | Kaɗan | Mai yawa |
| Kuɗin shekara | Mafi tsada | Mafi araha | Matsakaici |
| Ƙarko | Sau ɗaya | Yara 2 zuwa 3 | Yaro 1 zuwa 2 |
| Aiki | Babu wanki | Wanki kullum da guga | Wanki, jinkirin bushewa |
| Buƙatar ruwa | Babu | Mai yawa | Mai yawa |
| Babban haɗari | Barinsa ya daɗe a jiki | Fil, ragowar sabulu | Turara fata a zafi |
| Dare da tafiya | Ya fi kowa | Mai rauni | Ba laifi |

Ni dai ra'ayina a fili yake: haɗawa ya fi. Na yarwa a makonni biyun farko da dare da ranar fita, na yadi da rana a gida. Wannan kaɗai kan rage kuɗin famfas da fiye da rabi.

Ina zai kwanta?

A nan ma'aunin haɗari ne ke gaba da kowa. Ƙa'idar da likitocin yara suka daɗe a kai, wadda ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta sake jaddadawa a 2022, gajeriya ce: a kwantar da jariri rigingine, a kan shimfiɗa mai tauri kuma miƙaƙƙiya, ba filo, ba bargo mai laushi, ba 'yar tsana, a ɗaki ɗaya da iyaye aƙalla wata shida amma a makwancinsa daban. Na san kakanni za su ce a kifa shi don kada tumbuɗi ya shaƙe shi. Bincike ya nuna akasin haka ne, kifawar ce ke ƙara haɗarin mutuwar farat ɗaya a cikin barci.

*Gadon iyaye.* Mu faɗi gaskiya, a nan yawancin 'ya'yanmu ke kwana. Ba ya cin ko sisi, shayarwar dare kuma ta fi sauƙi, ga shi gidan sauro ɗaya ya rufe kowa. Amma labarin uwar da barci ya kwashe ta danne ɗanta ba tatsuniya ba ce. Haɗarin ya fi yawa ga jaririn da bai kai wata huɗu ba, da bakwaini, da gidan da ake shan taba, da lokacin da uwa ta sha maganin da ke sa barci ko gajiya ta yi mata rubdugu. Kwana da jariri a kan kushin kuwa ya fi duka muni. Idan dole ce ta sa, katifar ta zama mai tauri, a janye filo da bargo daga gefensa, kada a sa shi tsakanin mutum biyu, kada yayyensa su kwana kusa da shi.

*'Yar katifa mai haɗe da gidan sauro*, wadda ke zuwa cikin set ɗin kayan jarirai. Tana da araha, ana naɗe ta a tafi da ita ko'ina, da rana a falo kuma tana da amfani. Sai dai rayuwarta gajera ce, da yaro ya fara juyi a wata huɗu ko biyar ta gama aiki. Soson wasu ya cika laushi, ɗan filon da ke zuwa da ita kuma a cire shi a ajiye. Ragarta ba ta da magani, idan hannun jariri ya jingina da ita sauro zai cije shi ta waje.

*Gadon katako.* Na kanti da tsada, amma kafinta na unguwa zai yi muku da kuɗi kaɗan idan kun ba shi awo. Tsakanin sanda da sanda kada ya wuce santimita 6. Hanya mai sauƙi ta gwadawa ita ce gwangwanin lemo, idan ya ratsa to kan jariri ma na iya maƙalewa. Katifa ta cika gadon, kada yatsu fiye da biyu su shiga tsakaninta da katako. A goge katakon ya yi sumul, a nemi fenti mara dalma, a bar shi ya sha iska makonni kafin haihuwa, don yaro zai gatsi sandunan idan haƙori ya fara. Wannan gadon kan kai shekara biyu, ya kuma jira ƙanne. Matsalarsa wuri: a ɗaki ciki da falo sai an yi dabara.

*Na gwanjo da masu lilo.* A Ƙofar Wambai ta Kano ko Kasuwar Barci ta Kaduna za a iya tsintar kaya masu ƙwari da rabin kuɗi, ni ma can na sayi kayan sanyin yarana. Amma a kayan kwanciya a buɗe ido, don abin da aka hana a ƙasashen da suka ƙera shi yakan biyo dila ya iso mana. A 2019 an janye kujerar barci mai gangare ta Fisher-Price mai suna Rock 'n Play, guda miliyan 4.7, bayan mutuwar jarirai sama da 30. A 2022 Amurka ta haramta duk irin waɗannan makwantai masu gangare da kuma soson da ake zagaye cikin gado da shi. Gado mai gefen da ake zugewa ƙasa tun 2011 aka hana sayar da shi a can. Dalilin hana mai gangare shi ne, kan jariri na iya faɗowa gaba haɓa ta danne ƙirji numfashi ya toshe. Idan kin ga irinsu, komai kyau, wuce kawai.

| Ma'auni | Gadon iyaye | 'Yar katifa mai raga | Gadon kafinta | Mai lilo ko gangare |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗi | Babu | Kaɗan | Matsakaici | Daga matsakaici zuwa sama |
| Tsawon amfani | Ba iyaka | Wata 4 zuwa 5 | Shekara 2 da ƙanne | Watanni kaɗan |
| Wuri | Ba ya ci | Kaɗan | Yana ci | Yana ci |
| Haɗari | Danniya, shaƙewa | Soso mai laushi, cizon sauro | Kaɗan idan an bi awo | Babba |

Ko wanne aka zaɓa, gidan sauro mai magani ya rufe shi. Najeriya kaɗai na ɗauke da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, kuma ƙananan yara ta fi kashewa. Sau da yawa ana raba gidan sauron kyauta a wurin awo. Sabo a shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin a ɗaura, yakan yi kamar shekara uku. Maganin sauro na kunnawa, da turaren wuta, da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu, duk hayaƙi ne da huhun jariri bai shirya masa ba. Gawayin ma kisa yake yi ba tare da an ji wari ba. Sannan a rage naɗe yaro da shawul da hula da safa a tsakiyar bazara. Taɓa bayan wuyansa, idan da gumi to kayan sun yi yawa.

Ɗauka: zani, jakar goyo ko keke

Da tsohuwar zuma ake magani. Zanen goyo da majanyi sun cinye kusan kowane ma'auni: yadi biyu na atamfa mai auduga daga Kantin Kwari, ko ma tsohon zanen da ya yi laushi, ya shiga adaidaita sahu, ya tsallake kwata, ya bar hannu biyu suna aiki. Yadda ƙafafun yaro ke buɗewa su rungumi bayan uwa, gwiwa sama da ɗuwawu, shi ne zaman da likitocin ƙashi ke so don lafiyar ƙugu. Abin kiyayewa: kan ƙaramin jariri ya kasance cikin zani a juye gefe, hanci a waje. Kada a lulluɓe shi ruf da hijabi mai kauri a rana, yana hana iska yana kuma tara zafi. A sauke shi kafin a sunkuya kan murhu ko a ɗauki tukunyar ruwan wankan jego. Sabuwar uwa kada ta ji kunyar cewa ba ta iya ba. Inna ko Gwaggo ta tsaya a bayanta sau uku ko huɗu, hannu zai faɗa.

Jakar goyo ta gaba amfaninta ɗaya ne babba: uba ma zai ɗauka. Maigidan da ba zai taɓa ɗaura zani ba zai rataya wannan ya zaga tsakar gida da yaro mai kukan dare, duk da tsiyar da abokan wasa za su yi masa. A zaɓi mai faɗin mazauni da ke tallafe cinya har gwiwa, ba mai siririn tsakiya da ke barin ƙafafu na reto ba. Fuskar yaro ta kasance inda ido ke ganinta. Tana da zafi, masu arahar kuma maɗaurinsu kan karye.

Keken turawa shi ne mafi tsada kuma mafi ƙarancin amfani, sai ga mai zaune a unguwa mai shimfiɗaɗɗen titi ko mai yawan bin filin jirgi. A lungu mai yashi da kwatami, ke za ki ɗauki keken da yaron duka.

Kujerar mota daban take. Idan kuna da mota, ita ce tsadar da ba a jayayya da ita, domin hannun uwa ba ya iya riƙe jariri idan aka taka birki da ƙarfi. A kujerar baya ake ɗaure ta, yaro na kallon baya. Ta gwanjo a duba ranar ƙarewar aikinta da ke manne a jiki, wadda ta taɓa shiga hatsari kuma ba ta da sauran amfani ko da ba a ga tsaga ba.

Fida, kofi da famfon tatsa

Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar nono zalla wata shida, ko ruwa ba a haɗawa. Don haka mai zama a gida ba ta buƙatar fida ko ɗaya. Mai komawa aiki ko makaranta ce ke da zaɓi a gabanta, tunda dokar ƙwadago ta Najeriya mako 12 ta ba da hutun haihuwa, ko da yake jihar Kaduna ta mayar da na ma'aikatanta wata shida a 2019.

Tatsa da hannu kyauta ce, ungozoma za ta nuna miki. Famfon hannu na da sauƙin kuɗi kuma ba ruwansa da NEPA. Na lantarki ya fi sauri, amma in ba mai caji ba ne zai zama kayan ado. Nonon da aka tatsa na yin awa huɗu a ɗaki mai sanyin digiri 25, kwana huɗu a firij mai wuta tsayayya. A zafinmu a ba shi da wuri. Wajen bayarwa, ƙaramin kofi ya fi fida sauƙin wankewa, don lungunan fida da kan robarta ne maɓoyar ƙwayoyin gudawa. Wadda ta zaɓi fida ta sayi biyu kacal da burushinsu, ta kuma shirya tafasa su kullum.

Ƙananan kaya masu babban aiki, da masu cutarwa

Biyu ne nake cewa kada a dawo gida babu su. Na farko man cibiya na Chlorhexidine kashi 4 cikin ɗari, wanda hukumomin lafiya a Najeriya suka amince da shi a madadin gashi da tsumma da man goge baki da sauran abubuwan da ake shafawa. A cibiya kaɗai, kada ya kusanci ido ko kaɗan, yana makantarwa. Na biyu ma'aunin zafin jiki mai batir. Jaririn da bai kai wata uku ba idan ya nuna digiri 38, asibiti za a nufa, ba kemis ba.

Wanka kuwa, baho na roba mara ƙafa da sabulu mara ƙamshi sun isa. Man kaɗanya ko basilin ya fi tarin mayuka masu turare. Hoda a bar ta, ƙurarta na shiga huhu, kamfanin Johnson & Johnson ma ya daina sayar da tasa mai sinadarin talk a duniya a 2023. Kwalli a idon jariri, duk da kyan da yake yi ranar suna, yawanci dutsen dalma ne: a 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri a Boston da dalma ta hau jininsa, aka gano daga tozalin da aka kai masa daga Najeriya ne, mai dalma sama da kashi 80. Keken koyon tafiya kuma Kanada ta haramta shi tun 2004 saboda faɗuwa da ƙuna, ba ya kuma sa yaro saurin tatata. Tabarma da fili sun fi shi.

To wanne ya dace da wa?

Idan kuna gidan haya, ruwan saye kuke yi, uwar kuma za ta koma aiki bayan wata uku: na yarwa shi ne ginshiƙinku, a riƙa saye a sari a irin Kasuwar Singa maimakon ɗai-ɗai a shagon unguwa, a ajiye nafkin dozin ɗaya don ƙarshen mako. A ƙara famfon hannu da kofi, da 'yar katifa mai tauri a gefen gado idan ɗakin ba zai ɗauki na katako ba.

Idan gidanku da rijiya ko burtsatse, kuma da masu taimako: nafkin dozin biyu, fakiti ɗaya na famfas a wata don dare da unguwa, kuɗin da ya yi rara a ba kafinta.

Wadda za ta tafi goyon ciki gidan iyayenta ta yi arba'in a can, ta tafi da abin da ke naɗuwa: gidan sauro, 'yar katifa, zannuwa uku, nafkin, tunda a can hannun wanki ba ya yankewa. Gadon katako ya jira ta a ɗakinta. Ta kuma tafi da man cibiya da haƙurin yi wa Hajiya bayani a kan kwalli da kifa jariri, cikin ladabi, gara ma ta ce likita ne ya hana.

Mai mota ya fara da kujerar mota kafin ya kalli keken turawa. Mai shirin haihuwa kusa da kusa, na maɓallai da gadon katako za su mayar masa da kuɗinsa a ɗa na biyu. Masu tagwaye su ninka nafkin da masu taimako, kada su ninka kayan ado. Wadda ta haifi bakwaini kuwa, abin da ɗanta ya fi buƙata shi ne zanen da za a ɗaure shi da shi a ƙirjinta fata da fata, kamar yadda ake koyarwa a asibiti, da 'yar hula, da kofin ba da nono.

Sauran kayan sawa kada ku wahalar da aljihu, 'yan barka za su kawo riguna da sabulai fiye da yadda zai iya sawa kafin su matse shi. Idan wata aminiya ta tambaye ki abin da za ta kawo, ki cire kunya ki ce famfas lamba 3.